Sunan Yaya Hajara a Jikin Gorar Man Gyaɗa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Hajara makwancinta a nan Kankiya. Da kaka ne, ana tsakiyar cirar gyaɗa, har wasu daga cikin waɗanda suka sallace ta daga gona suka taho da ƙasa a ƙafafunsu. Tun lokacin ban taɓa rubuta komai a kanta ba, don ni ba marubuci ba ne, mai matsar man gyaɗa ne, hannuna ya fi sabawa da tunkuza a kan biro. Bana ne abin ya zame mani dole. Bana aka so a liƙa sunanta a jikin gorar mai, a rubuta a ƙarƙashinsa maganar da ta ƙi faɗa har ta koma ga Mahaliccinta. Wanda ya so yin hakan kuma ba bare ba ne, ɗana ne na cikina, Nazifi.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da ita, kuma ita ta goye ni. Duk garin nan Dakta ake ce mata, sai dai ba irin likitan da ke duba marasa lafiya ba ce. Malamar jami'a ce, mai bincike. Wannan bambancin ya ƙi shiga kan mutanenmu har ta rasu. In ta zo hutun Sallah, kafin ta kwance kaya an cika tsakar gida, wannan ciwon baya, waccan jiri, wani kuma ya kawo yaro mai ƙurji. Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta gaishe su, ta tambayi gida, sannan ta ce, "Ni fa ba likitar mutane ba ce, ku tafi asibiti." Su fita suna cewa Dakta ta cika rowa.

Abin da ta ƙare rayuwarta a kai wani ɗan abu ne da ido ba ya gani. A cikin kowace jijiyar jini, in ji ta, akwai wata shimfiɗa siririya ta ƙwayoyin halitta, jere ɗaya tak, wadda jini ke gudu a kanta dare da rana. Ta taɓa kwatanta mani ita da daɓen ɗaki: in yana da santsi ka share shi tas, in ya farfashe kuwa datti ya sami wurin maƙalewa. Daga wannan maƙalewar ne kitse ke taruwa a bangon jijiya, hanya ta ƙuntata, wata rana a wayi gari mutum ya faɗi. Haka mahaifinmu ya faɗi a bakin rumbu tana aji na ƙarshe a sakandare, ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi shekaru a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Ba ta taɓa ce mani wannan ne ya kai ta ga karatun ba, ni ma ban tambaya ba, amma duk mun sani.

Tambayar da ta riƙe ita ce, me man da muke ci yake yi wa wannan shimfiɗa? Ta ce mai ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai daskarewa irin kakiɗe da man shanu, akwai mai zama ruwa irin na gyaɗa da na riɗi, kuma kowanne da irin sinadaran maiƙon da ke cikinsa. Jiki yana ɗibar waɗannan sinadarai ya gina fatar ƙwayoyinsa da su, wato abin da ka ci a miya yana iya zama bangon jijiyarka. Mai ruwa-ruwa ya fi sauƙi ga jijiya in aka haɗa shi da mai daskarewa, amma yana da rauni guda: iska da zafi da haske suna lalata shi. Tsatsa take kiran abin, ta ce maiƙo ma yana tsatsa kamar ƙarfe. To a nan bitamin E yake shigowa. Yana zaune a cikin man, yana zaune a fatar ƙwayoyin, shi ke tare wannan lalacewa ya ƙare a wurin tarewar. Duk wannan a bakin injina ta bayyana mani shi, tana ɗaga murya saboda ƙara, ni kuma ina gyaɗa kai rabi na gane rabi ya wuce.

Ban manta ranar da ta gaya wa Inna yadda ake samun ƙwayoyin da take aiki da su ba. Lokacin ta dawo daga karatun da ta yi a ƙasar waje. Ta ce daga igiyar cibiyar jarirai ake ɗebo su, bayan an nemi yardar uwar, a raine su a ɗan faranti, a ba su mai iri-iri a ga yadda za su yi. Inna ta ajiye muciya ta dafe ƙirji. "Cibiya, Hajara? Ba a binne ba? Wanga wane irin karatu ne aka tura ki?" Yaya ta yi dariya har da hawaye, ta rantse mata cewa ba tsafi a ciki. Inna dai ba ta gamsu ba, sai da ta sa aka yi wa Yaya saukar Alƙur'ani.

Faɗanmu na farko a kan sana'ata a bakin titi aka yi shi. Duk wanda ya bi hanyar nan ya san yadda muke yi: a jera gorunan mai farare a kan tebur a tsakiyar rana, haske ya ratsa su suna walƙiya, mai mota ya hango daga nesa ya taka birki. Haka na tarar ana yi, haka nake yi, kuma ina alfahari da cewa nawa ya fi na kowa ƙyalli. Yaya ta sauko daga mota ta taɓa gora ɗaya, ta ji ta da zafi rau. Ta buɗe ta shinshina, ta ɗiga a harshe, ta miƙo mani. Akwai ɗan maƙaƙi a maƙogwaro, wanda da nake ɗauka alamar mai ya nuna ce.

"Kabiru, wannan ƙyallin da kake taƙama da shi, rana ce ke cinye abin kirkin da ke cikin man," in ji ta. "Ka sha wahala ka matso shi, sannan ka shanya shi ya mutu?"

Na ce haba Yaya, wa zai sayi man da bai gani ba? Muka yi ta yi, ni da saurin fushi, ita da sanyin murya mai ƙara tunzura mutum. A ƙarshe ita ta kawo mafita: gora ɗaya ta zauna a waje don talla, ba a sayar da ita ko an roƙa, sauran kuma a rufe su a jarka a cikin shago inda rana ba ta kaiwa. 'Yan uwana masu mai suka yi ta yi mani dariya, wai Kabiru ya sa mansa a kulle. Har yau haka nake yi. Ta bi masu tuyar ƙosai da awara na unguwarmu ma da magana a kan man da ake ta maimaita tuya da shi har ya yi baƙi, ana ƙara sabo a kan tsoho ba a taɓa zubarwa. Ba ta yi masu tsawa ba, ta san halin da ake ciki, ta dai roƙe su su rage wuta, in ya fara kumfa da kauri su haƙura da shi. Wasu sun ji, da yawa ba su ji ba.

Amma abin da ya sa nake ganin girmanta ba wannan ba ne. Wata shekara, da na ga na soma gane karatun, sai dabara ta zo mani. Na ce Yaya, tunda man gyaɗa yana da bitamin E, bitamin E kuma yana kare jijiya, me zai hana in rubuta a allon shago cewa man nan yana maganin hawan jini, in ji Dakta Hajara? Wallahi na zaci za ta ji daɗi. Sai ta dube ni irin kallon da take mani ina yaro in na ɗebo tuwo da hannun hagu.

Ta ce abin da ta gani, a faranti ta gan shi. Ƙwayoyin da aka ba bitamin E sun fi jure lalataccen maiƙo, wannan gaskiya ne, ta gani da idonta sau da yawa. Amma faranti ba mutum ba ne. Mutum yana da hanta da ƙoda da gishirin da yake ci da damuwar da yake kwana da ita. Ta kuma gaya mani wani abu da na san ya yi mata ciwo: da masu bincike suka ba ɗimbin mutane ƙwayar bitamin E suka bi su shekaru, ba a ga kariyar da aka sa rai ba. Ka duba fa, mace ta zuba ƙuruciyarta a kan abu, sannan ta zauna a kan benci a shagon ƙanenta ta ce abin bai kai yadda muka so ba. Ba wanda ya tilasta ta. Da ta ce mani magani ne, da na yarda, da duk Kankiya da Kusada sun yarda, don in Dakta ta faɗa an gama. Ta ce in sayar da mai mai kyau, in ce mai kyau ne, in tsaya a nan. Na yi fushi kwana biyu, ta bar ni na huce don kaina.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga wannan zamanin. Yanzu kowa likita ne in dai yana da waya. Ka buɗe ka ji wani yana rantsuwa cewa garin maganinsa yana wanke jijiya, wata tana tallar ƙwaya mai narkar da kitse cikin mako, ga kuma masu lasifika a kasuwa da ba su bar ciwo ko ɗaya ba. Hawan jini kuwa ya cika gidaje, har matasa. Ina jin da ba za ta yi ihu ba, ba halinta ba ne. Zama za ta yi ta tambayi mai tallar, a ina ka gani, a jikin wa, su nawa? Da waɗannan tambayoyin take kashe bakin mutum ba tare da ta zage shi ba. Ni ban gaji wannan haƙurin ba, ni zagin nake fara yi.

Sana'armu ma ta canza. Man kamfani ya shigo da kwalabe masu hoto, gyaɗa ta yi tsada, inji yana kwana biyu bai tashi ba. Nazifi ya gama karatunsa ya dawo ya karɓi ɓangaren sayarwa, kuma ba zan ɓoye ba, yaron yana da kai. Shi ya kawo shawarar mu ma mu yi takardar liƙawa a gora. Ya nuna mani a waya: hoton gyaɗa, sunan gwaggonsa da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma an rubuta cewa yana wanke jijiyoyin jini, yana saukar da hawan jini. Na ce a'a. Ya ce Baba kowa haka yake yi, mu da muke da Dakta ta gaske a gida mu ne za mu yi shiru? Na ce a bar maganar sai na yi tunani. Abin da ban sani ba, ya riga ya ɗauki muryarsa yana faɗin haka ya tura wa 'yan kasuwar da ke sarar manmu, su kuma suka yi ta turawa gaba. Ciniki ya buɗe, ni ina ta godiya ga Allah ina cewa albarkar kaka ce.

Malam Isiya ne ya buɗe mani ido. Dattijo ne daga ƙauyen Ƙofa, manomin da tun zamanin mahaifinmu gidansu ke kawo mana gyaɗa, kuma ya san Yaya tun tana 'yar makaranta. Ya daɗe yana shan maganin hawan jini. Ranar kasuwa ya zo da buhunansa, na ga yana dafa bango, idanunsa sun yi ja. Na ce Malam lafiya? Ya ce ɗan ciwon kai ne, kwana biyu yana damunsa a ƙeya. Na ce ana dai shan magani ko?

"Wane magani kuma, Alhaji? Ai na aje shi tun da na ji saƙon ɗanka. Cokali biyu nake sha na man Dakta da safe. Mi ya fi wannan? Hajara ba ta ƙarya."

Innalillahi! Ka ji fa dalilinsa: Hajara ba ta ƙarya. Gaskiyar da ta tara shekara da shekaru, ita aka ɗauka aka sa dattijo ya ajiye maganinsa. Ban tsaya sauke buhu ba, na sa shi a mota muka nufi asibiti. Ma'aikaciyar da ta gwada shi ta sake gwadawa, ta dube ni ta ce wa ya bar bawan Allah nan yana yawo a haka? Suka riƙe shi har la'asar, suka mayar da shi kan maganinsa, suka ja mashi kunne. Allah ya taƙaita, da ƙafarsa ya koma gida.

Da na dawo na kira Nazifi bayan shago. Na yi niyyar in yi magana a hankali irin ta Yaya, amma ina! Sai da maƙwabta suka leƙo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai ban yi ƙarya ba, akwai bitamin E a ciki, Gwaggo da kanta ta faɗa." Na ce ta faɗa, kuma ta faɗi inda maganar ta tsaya, kai ka ɗauki rabin farko ka yar da na biyu. Na ce da Malam Isiya ya faɗi a gona, sunan wa za a kira a Ƙofa, naka ko nata? Ita tana kabari, ba ta da bakin da za ta ce ban faɗa ba. Yaron nan yana son gwaggonsa, ita ta koya mashi karatun agogo, kuma na yarda har ransa yana ganin ɗaukaka sunanta yake yi.

Washegari ya sake ɗaukar murya da kansa, ya faɗi sunansa, ya ce maganar da ya yi a baya ba daidai ba ce, Dakta Hajara ba ta taɓa cewa man gyaɗa magani ba ne, duk mai shan maganin asibiti ya ci gaba da abinsa. Saƙon farko ya yi gudu kamar wutar daji, na biyun kuwa da ƙyar yake tafiya, don ba mai son tura shi. Wani babban ɗan kasuwa a Kusada ya kira ya ce mun ɓata mashi ciniki, ya koma saye a wani wuri. Inji ya koma yin kwana biyu bai tashi ba. Takardar liƙawar mun yi ta, amma hoton gyaɗa ne kawai da sunan shago, sai gargaɗi cewa a ajiye a inuwa. Ba zan ce abin bai taɓa mu ba, ya taɓa mu, har a tukunyar gida an ji.

To me ya rage na Yaya Hajara bayan shekara goma sha ɗaya? Rubuce-rubucenta suna can da Turancin da ko na karanta ba na ganewa. Ɗalibanta sukan biyo su gaishe mu in hanya ta kawo su, wasu sun zama manya, suna cewa ita ta hana su rubuta abin da ba su gani ba. Ba a sa wa titi sunanta ba, ba ta gano maganin da ta so ta gano ba, tambayar da ta bi ma har yau masu bincike ba su gama amsa ta ba. Kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Tun ranar zaman makoki nake jin mata suna cewa, kayya, duk karatun nan ba ta bar baya ba. Nakan ji maganar ta soke ni, in haɗiye.

Makon jiya ina bayan inji ina kwance wani ƙarfe, sai wata mata ta shigo daga ƙauyen Bauranya. Ba ta gan ni ba, Nazifi ma bai san ina wurin ba. Ta ɗauki gora ta rungume, ta ce wannan ne man Dakta mai saukar da hawan jini? Maigidanta ne ba lafiya, an ce in ya sha zai daina wahalar zuwa asibiti.

Nazifi ya ce, "A'a, Iya. Man miya ne, mai kyau, amma ba ya maganin komai."

Ta ce ai da kunnenta ta ji a waya.

"Muryata kika ji. Ni na faɗa, kuma kuskure na yi. Ki kai shi asibiti yau, kar ki bari sai gobe."

Ta dube shi, sannan ta ajiye gorar ta fita ba ta saya ba. Ya bi ta har bakin titi ya tsayar mata da mai babur, ina jin shi yana kwatanta mata ƙofar da za su shiga a asibiti. Ni kuwa na zauna a kan buhun gyaɗa, hawaye suna zubo mani ba kunya, har tunkuzar da ta manne a hannuna ta jiƙe.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da iyayenmu a gidan rahama. Duk wadda ta sake cewa ba ki bar baya ba, ta zo shagona in nuna mata shi.